Tsumman Da Ya Raya Ni

Sannunku da haƙuri masu karatu. Wannan shafin sau uku ina fara shi ina gogewa, don shi ne wanda ban fito da kyau a cikinsa ba. Wanda yau ya fara shigowa, sunana Selina, 'yar Nasarawan Doya ta ƙasar Makarfi. Abin da zan faɗa ya faru ne a daminar 1984, ina da shekara ashirin da ɗaya, ina ɗinki a wani ɗan shago kusa da tasha. Lokacin soja ne. Sabulu sai an yi layi, sukari sai an yi layi, madarar gwangwani kuwa sai dai ka ji labari. Wanda ya karkace daga layi ya sha bulala.

Mutumin da ke nemana a lokacin shi ne Likita Ilisha. Ɗan kudancin Zariya ne, dogo, siriri, har yanzu in ya yi Hausa da sauri sai harshensu ya leƙo. Haɗuwarmu ma abin dariya ce. Ya tsaya da Vesparsa a ƙofar shagona da lemo guda a hannu, ya ce in ɗinka masa huluna ashirin daidai kan lemon nan. Na ɗauka zolaya ce, na ce masa ni ba na ɗinkin 'yar tsana. Ashe na bakwaini ne, jariran da ake haifa wata bakwai.

Aikinsa ke nan. Da ya gama karatu a Zariya an so ya zauna a babban asibiti, ya ƙi, ya dawo wani ƙaramin asibitin mishan da ke hanyar Ikara, shekara uku ke nan. Dalilinsa shi ne ya lura bakwainin da ake kawowa daga ƙauyukan rake, namu na Makarfi da na Kudan, bakinsu yana yin fari fat, daga nan su daina tsotso, su mutu. Ya ce wata ƙwayar cuta ce 'yar uwar funfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Babba ba ta yi masa komai, amma bakwaini ba shi da ƙarfin korar ta. Yana da baƙin littafi da yake rubuta kowane jariri da ƙauyensu. Yana da 'yan farantan gilashi da yake goga abin da ya ɗebo daga bakin yaro, ya rufe, ya jira ya ga abin da zai tsiro. In ya samu mai sai ya ɗaura su a bayan Vespa ya kai Zariya. Ya gwada ruwan rijiyar asibitin, ya gwada hannun nas, ya gwada zanen goyo. Shekara uku bai gano ta inda abin yake shigowa ba.

Ya je gaisuwa gidanmu da dattijon majami'arsu. Baba ya karɓe su hannu biyu. Mama kuwa ko ruwa ba ta kawo da kanta ba. Da suka tafi ta ce ita ba ta ga abin aure a jikin mutumin da ke noman funfuna a faranti ba.

Ku fahimci Mama kafin ku yanke mata hukunci. Mama Talatu ungozoma ce, kuma a duk yankinmu in aka haifi bakwaini ita ake aika wa. Tana da wani abu da ta gada daga uwar mijinta, muna ce masa tsumman bakwaini. Ɗan farin saƙi ne, an murɗe bakinsa kamar lagwani. Ana tsoma shi a ruwan mazarƙwaila a sa wa jariri a baki ya yi ta tsotsa kafin nonon uwa ya zo. Ba a tafasa shi, ba a sa masa sabulu, don kada albarkar yaran da suka rayu da shi ta fita. In an gama a matse shi a mayar cikin gwangwanin man shafawa a rufe. In wata ta haihu a nesa sai Mama ta ɗan yanka mata, in yaro ya yi ƙwari a dawo da shi.

Ni ma bakwaini ce. Da tsumman nan aka raya ni. Tun ina ƙarama Mama take nuna ni ga baƙi tana cewa ga shaidarta nan tana yawo da ƙafarta.

To yayata Rosaline ta haihu wata bakwai, namiji, a farkon Agusta. Mijinta Nehemiya, manomin rake ne, shi ya ɗauko ta a guje ya kai ta asibitin Likita Ilisha ba tare da ya jira Mama ba. Wannan ma laifi ne na farko a idon Mama. A ranar fasto ya yi addu'a aka sa wa yaron Abraham. Sista Paulina, nas ɗin ɗakin, ta ɗaga shi a tafin hannu ɗaya ta ce sunan ya fi shi nauyi.

Ɗakin bakwainin ƙarami ne, akwatuna huɗu na katako masu murfin gilashi, Likita ne ya zana kafinta ya buga. Wuta ba ta tsayawa, don haka kwalaben ruwan zafi ake jerawa a gefe a naɗe da tawul. Ba kowa ke shiga ba. Rana ta biyu Mama ta yi cacar baki da Sista a kan wankin hannu, aka ce ta riƙa tsayawa a taga. Ni kuwa Likita da kansa ya koya min yadda ake wanke hannu har gwiwa, ya ba ni farar riga a kan atamfata, ya ce wa Sista, da sunan da yake kira na da shi, "Tela dai ta shiga duk lokacin da ta so, na yarda da hannunta."

Wannan maganar har yau tana min ciwo.

Nonon Yaya bai zo ba. Kwana uku ana matsa, ɗigo biyu, ɗigo uku. Madara babu. Abin da ake samu a cokali ake ɗura masa, yaron yana ta buɗe baki kamar ɗan tsuntsu, kukansa ma ba ya fita. Rana ta huɗu na fito wanke kwanuka sai Mama ta ja ni bayan kicin, ta kwance bakin zanenta ta danƙa min gwangwanin. Ta ce tunda an mayar da ita 'yar taga, ni ce hannunta. Na ce Likita ya hana a sa komai a bakin yaro. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Da Likitan naki ya hana shekara ashirin da ɗaya da suka wuce, da wa zai zo yana yi wa fari da ido yau?"

Na karɓa. Ba tilasta ni ta yi ba, in faɗi gaskiya. Na yarda da abin. Ni ce shaidar.

Kullum wajen sha biyun rana Sista Paulina takan tafi layin kaya a kantin gwamnati, don in ba ta je da kanta ba ba za a ba ta ba. Likita kuma yana can gaba yana ganin marasa lafiya. Lokacin nake jiƙa mazarƙwaila a murfin kwano, in tsoma tsumman, in ɗaga gilashin. Ranar farko da Abraham ya kama shi ya fara tsotsa har ƙwalla na yi. Yaya tana kallo daga gadonta tana cewa mun gode Ubangiji.

A akwatin da ke kusa da namu akwai 'yar Jamila. Jamila 'yar Saulawa ce, haihuwar fari, ba ta fi sha tara ba, mai yawan dariya duk da halin da take ciki. Ita musulma, mu masu bi, amma kwano ɗaya muke ci. In za ta yi salla ni ke duba mata yarinya. Tana tsokanata wai in Likita ya shigo ɗankwalina da kansa yake gyaruwa. Ita ma nononta bai wadata ba. Da ta ga Abraham ya yi shiru yana tsotsa sai ta matso ta ce, "Ƙawata, ba za ki ɗan sam mana ba?" Na cire daga bakinsa na sake tsomawa na sa a bakin 'yarta. Haka muka yi ta yi, kwana biyar.

Ranar Laraba da safe Likita ya haska fitila a bakin Abraham, na ga fuskarsa ta canja. A kan harshen da cikin kumatu akwai farare-farare kamar nonon da ya tsinke. Ya sa auduga ya goga, bai fita ba, wurin ya yi ja. Ya duba 'yar Jamila, nata ya fi yawa. Ya ɗauko tsinkensa mai auduga ya ɗebi na kowa ya goga a farantansa, sannan ya shafa musu maganin nan mai launin shuni da ake sa wa gyambo. Mama tana taga tana kallo. Daga ranar ta fara cewa tsinken nan ne yake kawo farin baki, tunda kafin ya sa shi yaro lafiyarsa lau.

Da yake ba ma samun zama mu yi magana, a bayan takardar magani yake rubuto min, ya ninke ya sa a ƙarƙashin murfin kwanon da nake kai masa abinci. Na ranar ga abin da ya ce:

"Tela, kada ki tsorata. Muddin yana baki ina da abin yi. Abin da nake gudu shi ne ya gangara ciki ya shiga jini, wannan ba ni da maganinsa a nan. Miyar ta yi gishiri, amma na cinye."

Na karanta na yi murmushi, na ninke na sa a rigata. Da sha biyu ta yi na sake ba su tsumman. Ina ganin taimakonsa nake yi, yana magani ina ciyarwa.

Farin ya ja baya kwana biyu, ya dawo. Likita ya sake shafawa, farin ya sake dawowa, har ya fi na da. 'Yar Jamila ta daina karɓar cokali, cikinta ya kumbura, jikinta ya yi sanyi duk da kwalabe. Ranar Litinin da hantsi ta rasu. Jamila ba ta yi ihu ba. Ta cire 'yar hular da na ɗinka daga kan yarinyar ta riƙe, ta ce min Allah ya saka da alheri, na yi mata abin da 'yar uwa ba za ta yi ba. Mijinta ya zo suka tafi da gawar a naɗe a zane.

Da yamma na kai wa Likita abinci ɗan ɗakin da yake aikinsa. Bai taɓa ba. Rigar jiya ce a jikinsa, shuɗiya mai gajeren hannu, wuyan duk ya yi datti. Ya ce in zo in gani. Ya sa ni na kafa ido a madubin nan nasu mai ƙara girman abu. Na ga wasu 'yan ƙwallaye kamar ƙwan kifi, wasu da 'ya'ya a manne, wasu sun miƙe kamar zare. Ya ce su ne. Ya ce abin da ya hana shi barci shi ne maganin yana kashe su, ya gani da idonsa, amma wani abu yana mayar da su bakin yaran. Ya tafasa cokula, ya canja tawul, har hannun kansa ya goga a faranti. Ya ce gobe zai sa a ƙone akwatin da yarinyar ta kwanta, in kuma Abraham ya bi ta zai rufe ɗakin gaba ɗaya, don ba zai ci gaba da tara 'ya'yan mutane a wurin da yake kashe su ba.

Na tambaye shi, kamar ba komai, me ƙwayoyin suke ci.

Ya ce, "Zaƙi. Zaƙi da laima da ɗumi. Ni ma da sukari nake kiwon su a farantin nan."

Masu karatu, ban san yadda na fito daga ɗakin ba. Gwangwanin yana ɗaure a bakin zanena a lokacin, ina jin sanyinsa a cinyata. Na zagaya bayan kicin na buɗe. Ban taɓa duban tsumman da idon tuhuma ba sai ranar. Ya yi launin ƙasa, yana danƙo, yana wani tsami-tsami kamar ƙullun da ya kwana. Na rufe da sauri kamar zai yi magana.

Na samu Mama na gaya mata abin da Likita ya ce. Tana tsinke zogale a tire, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce yara nawa suka rayu da shi kafin a haifi uban Likita? Ta ce 'yar Jamila kwananta ne ya ƙare, in ma akwai mai laifi to mai tsinke ne. Sannan ta miƙo hannu ta ce in ba ta kayanta tunda na zama matar likita tun kafin a kawo lefe. Na ce ya ɓace. Ƙaryar farko da na taɓa yi mata ke nan. Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba ta ce ai akwai ragowarsa a gida, rabin da aka dawo da shi daga ƙauyen Furana.

Kwana biyu ban ba Abraham tsumman ba. Kwana biyu kuma ban iya haɗa ido da Likita ba. In na ji takunsa sai in shiga wanki. Na ce a raina in na yi shiru farin zai tafi da kansa, yaro ya warke, ba wanda zai sani. In na faɗa, Mama ta gama yawo a ƙasar Makarfi, matan zumuntar majami'a za su riƙa nuna ta da baki. Shi kuma mutumin da ya ce ya yarda da hannuna fa? Kuma in labari ya kai ga sojan da ke riƙe da ƙaramar hukuma, wa ya san inda zai tsaya? A lokacin kan abin da bai kai wannan ba ana kulle mutum.

Takardarsa ta biyu ta zo a kwano:

"Kina gudu na. In don yaron ne, ba laifinki ba ne, nawa ne da ban gano ba. Yau farin ya ɗan ja baya, ban san dalili ba. Ki yi mana addu'a."

Ni na san dalili. Na shiga banɗaki na yi kuka na wanke fuska.

Abin da ban sani ba shi ne Mama ba ta zauna ba. Ta aika wa Nehemiya, ta gaya masa yarinyar da ke kusa da nasa ta mutu da baki shuɗi, nasa ma an shafa masa irin shuɗin. Ta tara dangin mijin Yaya. Ranar Alhamis da safe ina shanya tawul sai ga akori-kurar da ke ɗaukar musu rake ta tsaya a ƙofar asibiti, Nehemiya ya sauko da rigarsa ta zuwa majami'a, Mama a bayansa da sabon zanen goyo a kafaɗa. Sun zo ɗaukar Abraham.

A gindin bishiyar darbejiya kuma na hangi Jamila zaune da lulluɓi, da ƙullin wani abu a cinyarta. Ta dawo ɗaukar kayanta da ta bari. Ta ɗago min hannu. Na yi kamar ban gani ba na shige ciki.

Kafin in kai ɗakin har Yaya ta ɗauko yaron daga akwati. Sista Paulina ta tare ƙofa da jikinta, ta aika a kira Likita. Ya zo da abin awon ƙirji a wuya, ya durƙusa ya gaishe da Mama yadda ya kamata, ya tambayi Baba, ya tambayi gona. Ta amsa a taƙaice. Ya juya ga Nehemiya ya yi masa bayani a hankali, cewa yaron ba zai iya riƙe ɗumin jikinsa a bayan mota ba, cewa farin ya fara ja baya, a ba shi kwana biyar. Nehemiya mutum ne mai kunya, yana ta murza hularsa. Ya ce shi bai raina ƙoƙarin Likita ba, amma ya tambaye shi abu ɗaya, shin ya san abin da ke kawo ciwon? Likita ya ce bai sani ba.

"To ka ji," in ji Mama. "Shekara uku yana nema bai sani ba. Ni na san abin da zan ba shi. Rosaline, miƙo shi."

Na san abin da za ta ba shi. A gida ba sau ɗaya a rana ba ne, safe da rana da yamma ne, kuma ba mai shafa magani. Na dubi Abraham a hannun Yaya. Hular da na ɗinka ta yi masa yawa ta rufe ido ɗaya, leɓensa shuɗi, yatsunsa kamar tsinken ashana suna motsi.

Na kwance bakin zanena na ɗora gwangwanin a kan murfin akwatin.

Ban iya tsara magana ba. Na ce ni ce. Na ce tun rana ta huɗu nake ba shi, da sha biyu, in Sista ta tafi layi. Na ce ranar Litinin na daina, shi ya sa ya ja baya. Na faɗi mazarƙwailar, na faɗi cewa ba a wanke shi, na faɗi cewa baki nawa ya shiga ban san iyaka ba. Ina magana ina kallon siminti.

Likita ya buɗe gwangwanin, bai taɓa tsumman da hannu ba, da ɗan ƙarfe ya ɗago shi ya kai kusa da hanci. Ya tambayi Mama, cikin ladabi har yanzu, ko shi take ba duk bakwainin da aka kira ta. Ta ce shi ne, kuma ba ta jin kunyarsa, ga wadda ya raya nan tsaye tana tona mata asiri. Ya ce bai musa ba. Ya ce mai yiwuwa shekaru da yawa tsumman bai ɗauki komai ba, kuma ya ceci yaran da yunwa za ta kashe. Amma baki ɗaya mai cuta ya isa, daga ranar duk wanda ya tsotsa ya ɗauka. Ya ce in ta yarda ta zo ta duba a madubi yanzu.

Mama ta ce ita ba ta leƙa ramin kowa. Ta sake cewa Yaya ta miƙo yaro.

Yaya Rosaline ba mai magana ba ce, tunda muka taso ban taɓa jin ta mayar wa Mama ba. Ta ƙara rungume Abraham ta ce, "Mama, rabin da aka dawo da shi daga Furana, na 'yan biyun Azumi ne ko?"

Mama ta ce na su ne.

"Ina 'yan biyun?"

Duk mun sani, ba wanda ya rayu a cikinsu. Yaya ta sake tambaya, na Huseina ta Kudan fa, da aka kai wa bara? Mama ta dubi taga. Na ga hannunta ya sauka daga kan zanen goyon, zanen ya zame ya faɗi ƙasa ba ta ɗauka ba. Sai ta samu gefen gado ta zauna, ta zama ƙarama a idona kamar an rage ta.

Yaya ta juya ta mayar da Abraham cikin akwati da hannunta, ta gyara masa kwalabe, ta rufe gilashin. Ta ce wa mijinta ya sallami direba. Nehemiya ya fita.

Likita ya wanke hannu ya haska bakin yaron ya daɗe yana dubawa, ya taɓa cikinsa, ya saurari ƙirjinsa. Ya ce cikin bai kumbura ba, jikin da ɗumi, yana ganin bai shiga jini ba tukuna. In ba a sake sa masa komai ba, yana da kyakkyawan zato. Ya ce wa Sista ta nemo mace mai shayarwa a ɗakin haihuwa a roƙe ta ta riƙa matso musu, a tafasa komai. Yaya ta sa fuska a tafin hannu tana ta godiya ga Yesu.

Duk wannan bai dube ni ba ko sau ɗaya. Ya sa gwangwanin a cikin kwano ya rufe, ya ce in biyo shi.

A ɗakin aikinsa ya zauna ya buɗe baƙin littafin. Ban zauna ba, bai kuma ce in zauna ba. Yana juya shafuka a hankali, Nasarawan Doya, Furana, Kudan, Nasarawan Doya. Abin da ya bar babban asibiti dominsa, abin da abokansa suke masa dariya a kai, ga shi a cikin kwano a gabansa, kuma daga zanen yarinyar da yake so ya fito. Na jira ya yi faɗa. Da ya yi da na ji sauƙi.

Ya tsaya a shafin ƙarshe. Ya ce akwai abu ɗaya da bai gane ba. 'Yar Jamila daga Saulawa take, Mama ba ta taɓa zuwa can ba, kuma da bakinta lafiya aka kawo ta. Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni.

"Selina, Abraham kaɗai kika ba?"

Ba wanda ya gan mu. Yaya barci take yi a yawancin lokutan, Jamila kuwa ba za ta taɓa kawo wa ranta ba. Da na ce e, da ya rubuta wani dalilin ya wuce.

Na ce, "Na ba ta. Sama da mako guda. Daga bakinsa zuwa nata."

Ya rubuta. Na ji ƙarar alƙalamin a kan takarda. Ya rufe littafin, sannan ya ce uwar tana da haƙƙin ta sani, don za ta sake haihuwa, kuma za ta gaya wa matan Saulawa irin alherin da aka yi mata a nan, su ma su nema. Ya tambaye ni shi zai gaya mata ko ni.

Na ce ni.

Na cire farar rigar da ya ba ni na ninke na ajiye a kan kujerarsa. Bai ce in mayar ba.

Da na fito rana ta take, ƙasa tana tururi bayan ruwan safe. Jamila tana nan a gindin bishiya. Tana gani na ta miƙe, fuskarta ta rame amma sai da ta yi min murmushi. Ta miƙo ƙullin da ke hannunta, gyaɗa ce soyayya da 'yan ƙwai a cikin ɗankwali, ta ce innarta ce ta ce lallai a kawo wa yarinyar nan da ta ciyar da jikarta.

"Karɓi mana ƙawata, hannuna ya gaji."

Na ce ta ajiye tukuna ta zauna, akwai maganar da zan gaya mata.